Zauren Gwaggo: Macijiyar Kusugu, Gizo, da Safiyar da Duhu Ya Rufe Gusau

Assalamu alaikum, 'ya'yana da jikokina. Wasiƙu uku na ware a wannan wata, saboda na ga duk daga rijiya ɗaya suka ɗebo ruwa, ko da yake masu su ba su san juna ba. Na taƙaita su kaɗan don su samu wuri. Masu tambayar aure da na girki ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya ta farko, daga wani ɗalibi a Zariya:

"Gwaggo, ina aji biyu a jami'a, tarihi nake karantawa. Tun muna firamare aka koya mana cewa Bayajida ne kakan Hausawa. Bara mun je Daura, na sha ruwan Kusugu, har na ɗebo a gora na kawo wa mahaifiyata. Yanzu malaminmu ya ce babu wata hujja da ta nuna an taɓa yin mutumin. Raina ya ɓaci, ji nake kamar an yaudare mu. In ƙarya ce, me ya sa ba za a cire ta daga littattafan makaranta ba?"

Ɗana, malaminka bai zalunce ka ba, gaskiyar sana'arsa ya faɗa maka. Kuma ba shi ya fara ba. A nan Zariya inda kake, Farfesa Abdullahi Smith ya rubuta tun 1970 cewa daulolin ƙasar Hausa ba wani baƙo ne ya zo ya kafa su rana ɗaya ba. A hankali suka tsiro, daga ƙauye zuwa gari, daga gari zuwa birni mai ganuwa, inda ƙasar noma da tama da hanyar fatake suka haɗu. Harshen ma shaida ne. Hausa 'yar gida ɗaya ce da Bolanci da Badanci da Angasanci, ba daga Bagadaza aka zo da ita ba.

Amma kafin ka zubar da ruwan gorarka, zo mu sake sauraren labarin, a tsanake, kamar yau muka fara jin sa.

Bayajida ɗan sarki ne da ya baro Bagadaza, ya sauka Borno, aka ba shi Magira ya aura. Zama ya ƙi daɗi, ya gudo yamma, ya bar matar a Garun Gabas inda ta haifi Biram. Ya biyo ta Gaya, maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa, Ayana, ya roƙi ruwa. Ta ce babu, ai macijiyar da ke rijiyar Kusugu ba ta bari a ɗiba sai ranar Juma'a. Ya ari guga ya tafi, ya sare kanta, ya sha, ya shayar da dabbarsa. Da gari ya waye Sarauniya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi wannan aiki, shi kuwa ya ce aurenta yake so. Ƙwarƙwarar da ta ba shi, Bagwariya, ta haifi Karɓagari, ita kuma Daurama ta haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida suka riƙe Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, in ka haɗa da Biram sun cika bakwai.

To, ka lura da wani abu? Da ya iso, ya tarar da gari. Ya tarar da rijiya, da tsohuwa mai guga, da maƙera masu sarrafa ƙarfe, da fada, da sarauniya wadda mutanen Daura ke lissafa wasu mata a gabanta tun daga Kufuru. Ya yi magana da su, sun amsa masa. Ashe labarin da kansa bai taɓa cewa shi ya haifi Hausawa ba. Abin da ya ce shi ne gidajen sarauta bakwai tsatsonsu ɗaya, kuma akwai lokacin da mulki ya tashi daga hannun mata ya koma hannun maza. Mu malaman firamare ne muka gajarce shi muka ce "kakan Hausawa" don ya shiga layi ɗaya a allo. Ni ma na rubuta haka shekara da shekaru, kuma yau ina ganin mun rage wa yara abu mai yawa.

Sannan ba mu kaɗai ke da irin wannan labari ba. Sarakunan Borno na gidan Saifawa sun danganta kansu da Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman. A Songhai ana ba da labarin baƙon da ya zo daga Yaman ya soke wani ƙaton kifi da mutanen Kukiya ke tsoro suna bauta wa, sai suka naɗa shi sarki. Mutanen Borgu suna da Kisra. Soninke na tsohuwar daular Gana suna da macijinsu Bida. Baƙo daga gabas, dodo a bakin ruwa, sarauta a matsayin lada. Idan ka ga al'ummomi da yawa, masu nisa da juna, suna zuba labarinsu a ƙwarya iri ɗaya, ka san ruwa ba ya tsami banza. Bayan Musulunci ya kafu, gabas ta zama mahaifar daraja, kowane gidan sarauta yana son a ce jijiyarsa daga can ta taso. Wasu masana ma sun yi ƙoƙarin haɗa sunan Bayajida da Abu Yazid, wanda ya yi wa Fatimiyawa tawaye a arewacin Afirka ya mutu a 947, amma hasashe ne, ba a tabbatar ba.

Abin da ya fi taɓa ni kuwa shi ne ruwan. Na tashi a unguwar da muke bin layi a rijiya tun asuba, tulu bayan tulu, wani lokaci ka jefa guga ya fito da laka. Duk wanda ya san wannan ba sai an fassara masa labarin Kusugu ba. Mutanen da suka tsara shi cewa suke: wanda ya cancanci gari shi ne wanda ya buɗe wa talakawa rijiya kullum, ba ranar Juma'a kaɗai ba. Ka duba garuruwanmu yau, inda 'yan ga-ruwa ke tura kura cike da jarkoki unguwa-unguwa, famfo kuwa ya yi shekaru bai ɗiga ba, ka gaya mini ko labarin ya tsufa.

Akwai wurin da nake rabuwa da shi, kuma ba na ɓoyewa. Wannan suna na "Banza Bakwai" da aka laƙaba wa zuriyar Karɓagari, aka jera Zamfara da Kabi da Yawuri da Nupe da Gwari da Kwararrafa da ƙasar Yarbawa a ƙarƙashinsa, ba ya yi mini daɗi. Jerin ma yana sauyawa daga ruwaya zuwa ruwaya, abin da ke nuna maka siyasar zamanin mai ba da labari ce. Kada ka taɓa ɗaukar wannan kalma ka jefi maƙwabcinka da ita, ko da wasa a Facebook.

Saboda haka ba na goyon bayan a cire shi. A koyar da shi da sunansa na gaskiya, wato labarin asali, a ajiye shi gefe ɗaya da abin da masu haƙa ƙasa suka gano, kamar burbushin narkar da tama a dutsen Dala da ya kai ƙarni na 7. Sai a ce wa yaro: ga abin da ƙasa ta nuna, ga abin da kakanni suka ce game da kansu, me ya sa kake jin suka faɗe shi haka? Aikinka ke nan na ɗalibin tarihi. Ruwan da ka kai wa mahaifiyarka kuma ruwan rijiya ce ta gaske, mai tsohon tarihi, a garin da sauran masarautun Hausa ke girmamawa a matsayin uwa. Ka gaishe ta.

Tambaya ta biyu, daga wata uwa a zangon Kumasi:

"Gwaggo, 'ya'yana uku, babban shekararsa tara. Hausarsu tana raguwa, kullum suna kan waya suna kallon katun. Na fara yi musu tatsuniya da dare don harshen ya zauna, sai maigidana ya ce in bari, wai ƙarya ce, ƙarya kuwa haramun ce, kuma zan cusa musu tsoron dodo. Ba na so in saɓa masa. Yaya zan yi?"

'Yata, kin yi daidai da ba ki mai da abin rigima ba. Maigidanki tsoron Allah ne ya sa shi magana, kuma mutumin da ke gudun ƙarya a bakin 'ya'yansa abin riƙewa ne da hannu biyu. Ni ba mai ba da fatawa ba ce, ku je tare wurin malamin da ya yarda da shi. Amma ga abin da za ki iya ajiye masa a gaba, bayan ya ci abinci ya huta.

Ƙarya ita ce ka faɗi abin da ba haka ba don mai sauraro ya ɗauka haka ne. Tatsuniya kuwa da sallama take shigowa, da bankwana take fita. Kakata, wadda muke kira Iya, takan shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan sallar isha'i, ta jawo kwandon audugarta da mazari, ta rage fitilar ƙwai don kada kananzir ya ƙare. Sai ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Mu ce, "Ta zo mu ji ta." Daga wannan kalma kowa a cikinmu, har ƙanena mai shekara huɗu, ya san an shiga wata duniya inda kura ke zuwa kasuwa, Gizo ke magana da tsamin baki yana yi wa Ƙoƙi wayo. In ta gama sai ta ce, "Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Wani lokaci ta ƙara da cewa da ma ƙaryar ce ta shara mana. Wane maƙaryaci ne ke rufe zancensa da haka? Har lokaci aka yanka mata. In muka nemi a yi da rana sai Iya ta ce mai tatsuniya da rana ɓata yake a kasuwa. Da na girma na gane rana ta aiki ce, ga surfe, ga ɗiban ruwa, ga makarantar allo.

Ki kuma tuna masa da Muƙamatul Hariri, wanda manyan malamanmu ke karantarwa a zaure tun zamanin kakanni. Hariri mutumin Basra ne, ya rasu a 1122, muƙamominsa hamsin, kuma Abu Zaid ɗin da ke cikinsu, mai wayon tsiya, ƙirƙirarsa aka yi don a koyar da Larabci da hikima. Malamai sun san haka, ba su fasa karantar da shi ba.

Batun tsoron dodo, a nan ina ba shi rabin gaskiya. Akwai iyayen da ke amfani da dodo a matsayin bulala, "yi shiru ko ya zo ya cinye ka", yaro ya tashi ba ya iya fita fitsari da dare. Wannan ki guje shi. Amma dodon cikin tatsuniya daban ne, domin a ƙarshe ana cin galabarsa, kuma sau da yawa ƙaramar yarinya ce ko auta ke yi. Yaro yana jin tsoron yana jingine da cinyar uwarsa, ya ga an shiga an fita lafiya. Iya tana da tata ruwayar ta 'yar bora da aka aika wanki ruwan Bagaja. A hanya ta gamu da abubuwan ban tsoro da ban mamaki, ta gaishe su da ladabi, ba ta yi dariya ba, ba ta yi tsegumi ba, ta komo da arziki. 'Yar mowa ta bi sawunta da rashin kunya ta komo da masifa. Na fi shekara sittin da jin wannan, amma har gobe in na shiga baƙon wuri na ga abin da ban gane ba, muryar Iya nake ji tana cewa yarinyar nan ta kama bakinta.

Yanzu bari in gaya miki ƙaryar da ya kamata ku ji tsoro ku biyun. Daren Juma'a 8 ga Agusta 2014, wajen ƙarfe uku, wayata ta yi ƙara. Wata 'yar'uwata ce, muryarta na rawa, ta ce in tashi yara mu yi wanka da ruwan zafi da gishiri kafin alfijir, mu kuma sha, wai shi ne maganin Ebola. Kafin in ajiye wani kiran ya shigo, sannan wani. Na leƙa waje na ga hayaƙi na tashi daga gidajen maƙwabta, kowa ya ɗora tukunya. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma na tsaya da ƙullin gishiri a hannu ina wasi-wasi, sai da na tambayi kaina wa ya faɗa, a ina, sannan na mayar da shi. Washegari aka ji an kwantar da mutane a asibitoci, wasu masu hawan jini sun rasa rayukansu. Cutar kuwa a Legas da Fatakwal ta tsaya, mutum 20 ta kama, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba aka bayyana Nijeriya ta rabu da ita. Ba gishiri ya kore ta ba. Ma'aikatan lafiya ne irin su Dakta Stella Adadevoh, wadda ta hana mai cutar na farko fita daga asibiti, ta kamu, ta rasu.

Wannan labari bai zo da "ga ta nan" ba, bai tafi da "ƙurunƙus" ba. Da rigar gaskiya ya shigo, da muryar 'yar'uwa, da "don Allah ka tura wa mutum goma". Irinsa na nan kullum a WhatsApp, kuma 'ya'yanki za su girma a cikinsa fiye da yadda muka yi. Yaron da ya saba da Gizo ya san cewa mai daɗin baki na iya zama mayaudari, ya san labari na iya yin daɗi bai faru ba. Ni a ganina wannan rigakafi ne.

Ki fara da kacici-kacici in tatsuniyar ta yi wa maigidan nauyi. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." "Baba na ɗaka, gemu na waje." Ki bar shi ya ji yara na gardama ko tsintsiya ce, ko hayaƙi ne, da Hausa. Sau da yawa uban da kansa ke tsoma baki ya ce ba haka ake faɗa a garinsu ba. Kuma ki sani ƙasar da kike zaune tana da hannu a adana wannan gado. Tatsuniyoyin da wani Bature mai suna Rattray ya buga a 1913 wani malami Bahaushe ne, Malam Shaihu, ya rubuta masa su da ajami a nan Gana, dab da shekarun da wani Baturen, Frank Edgar, ya fitar da nasa kundi uku daga arewacin Nijeriya, 1911 zuwa 1913. Idan akwai tsohuwa a zangonku da ta iya, ki kai mata goro, ki kunna rikodar wayarki. Wayar da ke ɗauke miki hankalin yara ita ce za ta riƙe muku muryarta.

Tambaya ta uku gajera ce, daga wani matashi mai gyaran waya a Maraɗi:

"Gwaggo, yanzu da kimiyya ta bayyana komai, har ana faɗin ranar da wata zai yi husufi tun shekaru kafin ya yi, akwai sauran abin mamaki a duniya kuwa?"

Ɗana, muna yara in wata ya yi zazzaɓi sai a ce rana ce ta kama shi. Mu fito da gwangwanaye da faranti muna kaɗawa, muna zaga unguwa muna roƙon ta sake shi, manya kuma suna masallaci. Daga baya na koya, na kuma koyar, cewa inuwar duniya ce ke faɗawa kan wata idan ta shiga tsakaninsa da rana, shi ya sa ba ya faruwa sai wata ya cika. Addini ma ya riga ya raba mu da camfin. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, rana ta yi kusufi, mutane suka ce saboda rasuwar ce. Manzo ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa kisfewa don mutuwar wani ko rayuwarsa, in an gani a yi salla da addu'a. Ya kawar da camfin, amma ya kira su ayoyi, ya ce a tashi a tsaya.

Ranar Laraba 29 ga Maris 2006 ina koyarwa a Gusau. An yi ta sanarwa a rediyo cewa rana za ta yi kusufi, mun san ranar, mun san sa'ar, an gargaɗe mu kada a kalli rana da ido tsirara. Na zana wa 'yan ajina da'ira uku a allo. Na gaya musu rana ta fi wata faɗi kusan sau 400, kuma ta fi shi nisa da mu kusan sau 400, shi ya sa ɗan ƙaramin wata ke iya rufe ta ruf. Sun rubuta, sun haddace, wata yarinya ma ta ɗaga hannu ta maimaita mini ba kuskure.

Da hantsi ya ɗaga, bayan ƙarfe goma, sai haske ya fara canza launi, kamar an zuba wa gari toka. Zafin bazara ya sauka, wata iska mai sanyi ta taso. A ƙarƙashin darbejiyar makaranta, hasken da ke ratsowa ta ganye ya zama ƙananan jinjirin wata, ɗaruruwa, a kan ƙasa da kan rigunan yara. Kajin maigadi suka nufi akurki. Sai duhu ya rufe, kusan minti huɗu, tauraro ya fito, inda rana take kuma sai baƙin faifai da farin haske kewaye da shi kamar gashi. Daga cikin gari kabbara ta tashi ta ko'ina.

Yarinyar nan da ta maimaita mini lissafin 400 ita ce ta riƙe mini gefen mayafi da hannu biyu. Jikinta na ɓari, idonta na sama, tana cewa, "Malama, na san dalilin, wallahi na san dalilin." Ni ma na sani, kuma hawaye ne ke zuba a fuskata. Da gefen rana ya ɓullo na ce kowa ya sunkuyar da kai, zakaran maigadi ya yi cara, muka koma aji. Da'irorin nan uku suna nan a allo, na ɗauki tsumma zan goge, yaran suka ce in bar su zuwa gobe.